Yadda ake kafa OpenEMR a ƙaramin asibiti, daga sabar har zuwa majinyacin farko

Manhajar adana bayanan majinyata da ake kira buɗaɗɗiya ita ce wadda aka bar lambobin gininta a fili, kowa na iya saukewa, ya girka, ya gyara, ba tare da ya biya kuɗin lasisi ba. Babu kamfanin da zai rufe muku ita don kun makara da biyan wata, kuma bayanan suna zaune a na'urarku. Amma aikin da kamfani zai yi muku a bayan fage ya dawo wuyanku: kula da sabar (kwamfutar da manhajar da bayanan ke zaune a kanta), ajiye kwafi, sabuntawa, da koyar da ma'aikata. Asibitin da bai ware mutum ɗaya da sunansa ya ɗauki wannan nauyi ba, gara ya ci gaba da katinsa na takarda har sai ya samu.

Wacce za a ɗauka

Guda huɗu ne suka fi shahara, kuma kowacce da irin asibitin da ta dace da shi. OpenEMR ta fito a 2002 ƙarƙashin lasisin GPL, an rubuta ta da PHP, tana ajiye bayanai a MySQL ko MariaDB. A cikinta akwai rajista, kalandar ganin likita, bayanan jinya, rubuta magani, lissafin kuɗi da rumbun magunguna, duk a dunƙule. OpenMRS ta samo asali a 2004 daga haɗin gwiwar Regenstrief Institute da Partners In Health, aka fara aiki da ita a Eldoret ta Kenya. Ƙarfinta yana wajen bibiyar masu doguwar jinya irin su HIV da tarin fuka, amma sai an zauna an gina mata ƙamus na tambayoyi da amsoshi kafin ta yi amfani. Bahmni ta haɗa OpenMRS da OpenELIS na ɗakin gwaji da Odoo na kuɗi da kaya, don haka ta dace da asibiti mai gadajen kwantarwa, sai dai tana cin ƙarfin na'ura. GNU Health kuwa, wadda Luis Falcón ya fara a 2008, tana tafiya a kan Python da PostgreSQL.

Ga asibitin da ake zuwa a ga likita a koma gida, mai ma'aikata biyar zuwa ashirin, OpenEMR ta fi sauƙin tashi. Da ita za mu yi sauran bayani. A san abu ɗaya tun yanzu: an gina ta ne da tsarin lafiya na Amurka a zuciya, shi ya sa za ku ga wuraren inshora da fom-fom na neman biya da ba su shafe ku ba idan a wata ƙasa kuke. Ana iya ɓoye yawancinsu.

Kayan da za a tanada

Sabar ba sai ta kasance wata ƙatuwar na'ura ba. Kwamfutar tebur mai furosesa mai ƙwaƙwalwa 4, RAM 8 GB da faifan SSD 256 GB za ta ɗauki irin wannan asibiti ba tare da nishi ba. Sharaɗin shi ne kada a yi wani aiki da ita: ba buga wasiƙa, ba kallon bidiyo, ba cajin waya. A ajiye ta a ɗakin da ake kullewa, inda iska ke shiga, a ɗaga ta daga ƙasa.

Girman faifai ya dogara da yawan takardun da za a yi wa sikanin, domin rubutun likita kansa ba ya cin wuri. Shafi ɗaya a 200 dpi, baƙi da fari mai inuwa, yakan kai kusan 200 KB. Idan ana ganin mutum 50 a rana, kowanne da shafi 3, an ci 30 MB ke nan a rana, wajen 9 GB a kwanakin aiki 300. Wannan shafin dai idan aka ɗauke shi da launi a 600 dpi zai haura megabait da yawa, faifan ya cika tun ba a je ko'ina ba. A saita sikana sau ɗaya, a hana kowa taɓawa.

Sai UPS, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, mai ƙarfin 1000 zuwa 1500 VA, wanda ke da wayar USB da za a haɗa da sabar. Amfanin wayar shi ne manhaja irin su NUT ko apcupsd ta ji cewa batir ya kusa ƙarewa ta kashe sabar a tsanake. Yankewar wuta a tsakiyar rubutu na daga cikin abubuwan da ke lalata rumbun bayanai. A jona rauta da suwic a kan UPS ɗin su ma, in ba haka ba sabar na kunne amma babu mai iya kai wa gare ta. Sabar da kwamfutar ɗakin kati da ta mai karɓar kuɗi a haɗa su da kebul. Wi-Fi a bar wa masu yawo da kwamfutar hannu. Sauran kayan: faifan waje guda biyu don ajiyar kwafi, firinta, da sabon batirin CR2032 na agogon kwamfutar idan tsohuwa ce. Batun batirin nan ƙarami ne a ido, amma idan agogo ya ɓace, ranakun ziyara za su shiga a karkace, lambobin shiga na waya masu canzawa kowane daƙiƙa 30 kuma su daina karɓuwa.

Girkawa

A sa Ubuntu Server 24.04 LTS, wanda ke samun gyaran tsaro na shekara biyar daga fitowarsa a 2024. A ba sabar adireshin IP tsayayye, misali 192.168.1.10, ko a ɗaure shi a rauta. Idan aka bar rauta tana raba adireshi yadda ta ga dama, wata safiya za a zo a tarar duk kwamfutoci suna neman sabar a inda ba ta.

Hanyar girka OpenEMR biyu ce. Ta farko Docker, manhajar da ke tafiyar da kowane shiri a cikin keɓaɓɓen akwati da ake kira kwantena, kuma ita muke ba da shawara. A girka Docker da Compose, a ɗauko fayil ɗin docker-compose.yml na aikin gaske daga ma'ajiyar lambobin OpenEMR, a buɗe shi kafin a kunna komai. Zai nuna kwantena biyu, ɗaya na MariaDB ɗaya na OpenEMR, da kalmomin sirri na wucin gadi: root, openemr, da admin tare da pass. A canja dukkansu yanzu: MYSQL_ROOT_PASSWORD da MYSQL_ROOT_PASS dole su zama iri ɗaya, sai MYSQL_PASS, OE_USER da OE_PASS. Ana karanta waɗannan ne sau ɗaya tak, a kunnawar farko. Wanda ya kunna sannan ya dawo ya gyara fayil ɗin, rumbun yana nan da tsohuwar kalma. Sannan a rubuta takamaiman lambar sigar, kamar openemr/openemr:7.0.3, kada a bar latest, don kada wata rana a ja sabuwar siga ba da shiri ba.

Daga nan sai `docker compose up -d`, a bi abin da ke gudana da `docker compose logs -f`. Kunnawar farko takan ɗauki mintuna da dama tana gina tebura. Masu gaggawa sukan ga burauza ba ta buɗe ba su kashe su sake kunnawa, su bar rumbun rabi da rabi. A jira har rahoton ya nuna Apache ya tashi, sannan a buɗe https:// da adireshin sabar. Burauza za ta yi gargaɗi cewa ba ta san takardar shaidar ba, domin sabar ce ta sa wa kanta hannu; a cikin gida wannan ba matsala ba ce, zirga-zirgar tana nan a ɓoye.

Umarni ɗaya a rubuta shi da jan biro a manna a jikin sabar: `docker compose down -v`. Wannan `-v` ɗin yana share ma'ajiyoyin da bayanai ke ciki, rumbun da takardu gaba ɗaya, kuma ba ya tambaya. Ana yawan ganinsa a shawarwarin intanet na masu gwaji. A sabar asibiti `docker compose down` kawai ake bugawa.

Hanya ta biyu ita ce girka Apache, PHP da MariaDB da hannu, a zuba fayilolin OpenEMR, a bi setup.php ta burauza. Mai bin wannan hanya ya duba sigar PHP da sigar OpenEMR ɗinsa ke karɓa, ya gyara php.ini: memory_limit 512M, max_execution_time 60, max_input_vars 3000, post_max_size da upload_max_filesize 30M, display_errors Off. Idan aka bar max_input_vars a 1000 na asali, dogon fom zai nuna kamar ya adana alhali ya zubar da ƙarshen abin da aka cika, ba tare da ko gargaɗi ba. Tsarin haruffan rumbu ya zama utf8mb4, don sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, ko na rubutun Larabci, su fito daidai. Bayan an gama, a cire ko a toshe setup.php da sauran fayilolin girkawa kamar yadda jagorar tsaro ta manhajar ta lissafa.

Saitin da ake yi kafin a rubuta sunan kowa

Sunayen wurare a nan na siga ta 7 ne. A tsoffin sigogi Admin → Config shi ne Administration → Globals.

A fara da sashen Locale. A saita yankin lokaci, lambar wayar ƙasa, da tsarin kwanan wata. Idan ma'aikata sun saba da rana kafin wata, a zaɓi DD/MM/YYYY, kowa ya san da haka, domin 03/04 na iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris. Sai ma'auni, kuma a nan haɗari yake. OpenEMR tana zuwa da ma'aunin Amurka a gaba: fam, inci da Fahrenheit. Nas ta auna yaro ta samu kilo 20, ta rubuta 20 a gurbin fam, manhaja ta mayar da shi kilo 9.07. Likitan da ya lissafa magani da wannan nauyi zai ba da ƙasa da rabin abin da ya kamata. A Units for Visit Forms a zaɓi ma'aunin mita kaɗai, kada ma a bar biyun suna nunawa.

Wanda ba ya hulɗa da kamfanonin inshora ya kunna Simplified Demographics, fom ɗin rajista zai ragu sosai. Abin da ya rage a gyara shi a Admin → Forms → Layouts, inda kowane gurbi ake iya mayar da shi na dole, na zaɓi, ko ɓoyayye. Ra'ayinmu shi ne gurbin dole kada ya wuce shida ko bakwai: suna, sunan mahaifi ko na iyali, jinsi, ranar haihuwa, waya, adireshi, da wanda za a kira idan ta ɓaci. Duk gurbin dole da ma'aikacin kati bai da amsarsa, zai cika shi da shirme don layi ya motsa. A ɓoye gurbi, kada a goge shi, saboda wasu rahotanni na jingine da shi. Jerin jihohi, ƙasashe da sana'o'i kuma a Admin → Forms → Lists ake gyara su.

A Admin → Clinic → Facilities a gyara asibitin da ya zo a ciki, a sa suna, adireshi da waya na gaskiya, domin su ne ke fita a kan rasit da takardar magani.

Sai ma'aikata, a Admin → Users. Kowa da sunansa da kalmarsa. Asusun da ake kira "nas" wanda mutum shida ke shiga da shi yana kashe amfanin rajistar bibiya, wadda ke rubuta wa ya buɗe fayil ɗin wa da ƙarfe nawa. Rukunonin izini sun zo a shirye: Administrators, Physicians, Clinicians, Front Office, Accounting, da Emergency Login na lokacin larura. Ma'aikacin kati Front Office ya ishe shi, ba shi da hurumin karanta abin da likita ya rubuta. Administrators kada su wuce mutum biyu, kuma su ma su riƙe asusu na daban na aikin yau da kullum. Ga likita a danna akwatunan Provider da Calendar, in ba haka ba sunansa ba zai bayyana a kalanda ba. Bayan haka a buɗe kalandarsa a sa In Office a lokacin da yake fara aiki da Out Of Office a lokacin tashi, a maimaita su a ranakun aikinsa. Rashin wannan ne ke sa manhaja ta riƙa cewa likita ba ya nan duk lokacin da aka zo ba da lokaci. Ma'aikacin da ya bar aiki a cire masa alamar Active a ranar, kada a goge shi, sunansa na manne da duk abin da ya taɓa rubutawa.

Lambar kati da mutum ɗaya mai fayil biyu

Kowane majinyaci yana da lambar ciki da manhaja ke ba shi, da kuma External ID wadda ku ke iya cikawa. Tsohuwar lambar katin takarda a nan ake sa ta, don a iya komawa kanta a nemo fayil.

Ciwon da ya fi damun irin wannan tsari shi ne rajista biyu ga mutum ɗaya. Ya zo ba kati, an rubuta sunansa da wani harafi daban, aka buɗe masa sabon fayil. Gargaɗin cewa jikinsa ba ya karɓar penisilin yana tsohon fayil, likita kuma yana kallon sabon. Dokar ɗakin kati ta zama: a nema sau uku kafin a buɗe sabo, da lambar waya, da ranar haihuwa, da haruffa uku na farkon suna. Ga wanda bai san ranar haihuwarsa ba a tsayar da ƙa'ida guda, misali 1 ga Janairu na shekarar da aka ƙiyasta, a ƙara gurbi a fom da ke nuna cewa ƙiyasi ne. Duk mako a leƙa Admin → Patients → Manage Duplicates. Haɗe fayil biyu da Merge Patients ba ya warwaruwa, don haka a ɗauki kwafi tukuna, a kuma tabbatar da mutum ɗaya ne. Tagwaye suna da ranar haihuwa ɗaya, adireshi ɗaya, wayar gida ɗaya.

Kuɗi, lambobin cuta da magunguna

Ayyukan da ake biya, irin su ganin likita, ɗinki, allura da gwaje-gwaje, ana shigar da su a Admin → Coding → Codes, kowanne da lambarsa da farashinsa. Idan akwai farashi daban ga ma'aikata ko wata ƙungiya, a ƙara mataki a jerin Price Level. Lambobin CPT, waɗanda ake sa wa ayyukan jinya, mallakar ƙungiyar likitocin Amurka ne, sai da lasisi, shi ya sa ba sa zuwa a ciki. Wanda ba ya buƙatarsu ya ƙirƙiro lambobinsa. Na cututtuka ana loda su ta External Data Loads. A lura ICD-10, wato jerin lambobin cututtuka, da ke wurin shi ne ICD-10-CM na Amurka, wanda ya fi na Hukumar Lafiya ta Duniya rarrabewa. Idan hukumar lafiyar ƙasarku na karɓar rahoto, a tambaye ta wanne take so kafin likitoci su saba. SNOMED CT, wani ƙamus na kalmomin likitanci, shi ma yana da sharuɗɗan lasisi da suka dogara da ko ƙasar mamba ce.

Rumbun magunguna a kashe yake zuwa. Ana kunna shi a Config → Features, a Drugs and Products. Kowane magani ana shigar da shi da ƙarfinsa, siffarsa, lambar rukunin da aka sayo, ranar lalacewa da adadin da in an sauko gare shi za a sake oda. A yanke tun farko ko da ƙwaya ake ƙirge ko da kwali, a tsaya a kai. Kada a kunna wannan sashe a makon farko. Sai an yi ƙirgen kaya na gaskiya a rana guda, a shigar, sannan a fara. Lissafin da aka fara da adadi na ƙarya ba ya gyaruwa da kansa.

Kafin ranar farawa a ƙirƙiri majinyacin gwaji a bi da shi hanya duka: rajista, ba da lokaci, alamar isowa, buɗe sabuwar ziyara, Vitals (awon nauyi, zafin jiki da makamantansu), bayanin likita na SOAP, rubuta magani, Fee Sheet (takardar lissafin kuɗin ziyara), biya da buga rasit. Kowane ma'aikaci ya yi nasa ɓangaren da asusunsa. A nan ake gano wanda aka hana izinin da yake buƙata, da firintar da ke yanke gefen takarda. A koya wa likitoci abu biyu musamman. Cutar da ke tare da mutum, maganin da yake sha kullum da abin da jikinsa ba ya karɓa, a jerin Issues ake sa su don su fito a shafin farko. In an binne su cikin bayanin ziyara ba mai ganinsu. Sannan kowace zuwa sabuwar ziyara ce, kada a ɗora bayanin yau a kan ta watan jiya.

Ajiyar kwafi

Bayanan OpenEMR a wuri biyu suke: rumbun bayanai, da foldar sites inda takardun sikanin, hotuna da fayil ɗin sqlconf.php suke. Mutane da yawa rumbun kaɗai suke kwafewa. Manhajar tana ɓoye takardun da ke kan faifai da makullai, wasu makullan suna cikin rumbun, wasu suna sites/default/documents/logs_and_misc/methods. Wanda ya dawo da rumbu ba tare da wannan folda ba, ko ya haɗa rumbu da foldar wata girkawa daban, zai ga sunayen takardun a jere amma ko ɗaya ba za ta buɗu ba. Kullum a kwafe biyun tare, a lokaci ɗaya.

Rumbun ana fitar da shi da mariadb-dump, wanda tsohon sunansa mysqldump, tare da zaɓin `--single-transaction` don a samu hoto guda daidaitacce ko da wani na aiki. Kada a kwafe foldar /var/lib/mysql kai tsaye alhali rumbun na kunne, abin da za a samu sau da yawa ba ya tashi. Foldar sites a naɗe ta da tar. A rubuta ƙaramin umarni da ke yin biyun, ya sa kwanan wata a sunan fayil, cron, shirin da ke tayar da aiki a lokacin da aka sa masa, ya riƙa tayar da shi kowane dare, misali ƙarfe 2. Maɓallin Admin → System → Backup yana da amfani kafin wani babban gyara, amma yana jiran mutum ya tuna, kuma idan bayanai sun yi yawa yakan yanke a hanya.

Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Faifan waje biyun nan a riƙa musanya su duk mako, ɗaya a jone, ɗaya a kulle a wani gini. Wanda ke jone kullum, ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli don neman fansa za ta cinye shi tare da sabar. Dukkansu a kulle su da kalmar sirri ta hanyar LUKS, ko a ɓoye fayilolin da gpg, domin faifan da ya faɗi a hanya asirin dubban mutane ne. Kalmar buɗewa a rubuta ta a takarda, a rufe a ambulan, mutum biyu su san inda take. A riƙe kwafin kwana 7 na baya, na mako 4, da na wata 12, saboda wani kuskuren sai bayan makonni ake gano shi, lokacin da kwafin jiya ma ya riga ya ɗauke shi. RAID kuwa ba ajiyar kwafi ba ce: faifai ne ke rufa wa faifai asiri idan ɗaya ya mutu. Abin da aka goge da kuskure yana gogewa a duka biyun nan take.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wata uku a gwada dawo da kwafin: a ɗauki wata kwamfuta, a tayar da OpenEMR mai siga iri ɗaya, a zuba rumbun, a mayar da sites, a shiga, a buɗe majinyata biyar, a buɗe takardar sikanin ta kowanne. A rubuta matakan da tsawon lokacin da aikin ya ci. Kowace safiya kuma wani ya duba girman fayil ɗin daren jiya: idan ya nuna sifili, ko ya yi ƙasa da na shekaranjiya sosai, ko dai faifai ya cika ko an canja kalmar sirri ba a gyara umarnin ba.

Tsaro da sabuntawa

Idan ba dole, kada a buɗe sabar ga intanet. Likitan da ke son dubawa daga gida a haɗa masa VPN, wato ɓoyayyar hanyar shiga sabar daga nesa, irin WireGuard. A bangon wuta na ufw, shirin da ke tsare ƙofofin shiga sabar, a bar ƙofar 443 ta burauza, da ƙofar 22 daga kwamfutar mai kula kaɗai, a kuma sani cewa Docker yana buɗe ƙofofin da aka wallafa masa ta bayan ufw, don haka ƙofar rumbu 3306 kada a wallafa ta sam. Wi-Fi na baƙi ya zama daban da na aiki. A Config → Security, lokacin da allo ke rufe kansa yana zuwa a daƙiƙa 7200, awa biyu ke nan, ya yi yawa ga kwamfutar da ke kan hanyar jama'a. A mayar da shi 900. Masu izinin Administrators su kunna shiga mai mataki biyu. Shafin majinyata na intanet da ƙofar FHIR ta musayar bayanai da wasu manhajoji a bar su a kashe sai ranar da aka buƙace su. Dokar kare bayanai ta ƙasar da kuke ita ke faɗin shekarun da za a riƙe fayil da wanda za a sanar idan bayanai sun fita. A Amurka HIPAA ce, a Tarayyar Turai GDPR.

A 2018 masu binciken tsaro sun bayyana jerin ramuka a OpenEMR 5.0.1, masu manhajar suka fitar da faci. Faci ba ya amfanar sabar da ba a sa mata shi ba, kuma da zarar an wallafa rami kowa ya san inda yake. A riƙa duba sanarwar faci duk wata. Tsarin sabuntawa: cikakken kwafi, gwaji a kwamfutar gefe, sannan sabar gaske bayan an tashi aiki. Daga siga zuwa siga a bi su ɗaya bayan ɗaya yadda takardun manhajar suka tsara. Duk wanda ya gyara lambobin manhajar kai tsaye, sabuntawa za ta shafe gyaransa. Abin da Layouts da Lists za su iya yi, a yi shi a can.

Tsoffin fayiloli da ranar farawa

Kada a ce sai an shigar da duk katunan shekaru goma. Yawancin masu su ba za su dawo ba. A shigar da mutum ranar da ya zo: rajista, tsohuwar lamba, jerin Issues, da sikanin shafuka biyu ko uku na ƙarshe, a buga wa katin takardar hatimi cewa an shigar. Masu zuwa a kai a kai, kamar masu hawan jini, ciwon suga da awon ciki, ana iya shigar da su tun kafin ranar. Idan akwai jerin sunaye a Excel, a tsabtace shi tukuna, a daidaita kwanan wata, a cire maimaici, a gwada lodawa a kwamfutar gefe.

A fara da ɗakin kati da kalanda na mako biyu, sai karɓar kuɗi, sai nas-nas, sai likitoci, ɗakin magani a ƙarshe. A zaɓi ranar da ba a cika cunkoso ba, a rage yawan waɗanda aka ba lokaci, domin kowa zai yi nawa a kwanakin farko. Rubutu a takarda da kwamfuta a lokaci guda kada ya wuce wata ɗaya, a sa ranar daina shi tun farko, in ba haka ba ma'aikata za su riƙe takardar su bar kwamfutar fanko.

Sabar za ta tsaya wata rana, ko ta wuta ko ta faifai. A buga fom ɗin rajista, na awo, na bayanin likita da rasit, kamar guda 50 kowanne, a ajiye a aljihun tebur da aka sani. Kowace yamma a buga jerin waɗanda za a gani gobe. Sabon majinyaci a lokacin tsayawar a ba shi lambar wucin gadi mai harafi a gaba, kamar T-001, don kada ta yi karo da ta manhaja. Idan sabar ta dawo, wanda ya rubuta takarda shi zai shigar da ita cikin awa 24, da ainihin ranar da lokacin ziyarar, sannan a yi wa takardar sikanin a liƙa a fayil ɗin majinyacin.